Ku Daina Yi Wa Halittar Mutum Ba'a

'Yan uwana matasa, musamman masu kare 'yan siyasa a Facebook, ina roƙonku ku saurari labarin Jean Chrétien, wanda ya yi firaministan Kanada daga 1993 zuwa 2003.

An haife shi a 1934 a Shawinigan, wani garin ma'aikatan masana'antu a lardin Kebek. Shi ne na 18 cikin 'ya'ya 19 na iyayensa. Tun yana yaro wata lalura ta shanye masa gefen fuska na hagu, bakinsa ya karkace, kunnensa ɗaya kuma ba ya ji. Da Faransanci ya tashi, Turancinsa bai taɓa gogewa ba. Duk da haka ya karanta lauya, ya shiga majalisa a 1963.

A zaɓen 1993, jam'iyyar 'yan mazan jiya mai mulki ta saki wata talla a talabijin, tana nuna fuskarsa kusa-kusa, ana tambaya wai wannan ne zai zama firaminista? Jama'a suka harzuƙa, har shugabar jam'iyyar, Kim Campbell, ta sa aka janye tallar. Shi kuwa bai rama da zagi ba. Cewa ya yi Allah ne ya ba shi wannan nakasa, kuma ya rungume ta tun yana ƙarami. Gaskiya dama mutane sun gaji da gwamnatin saboda haraji da matsin tattalin arziki, amma tallar ta ƙarasa ta. Jam'iyyarsa ta ci kujeru 177, mai mulki ta tsira da 2 kacal.

Raina yana ɓaci idan na ga yaro mai ilimi ya ɗauko hoton dattijo yana yi wa tafiyarsa ko idonsa dariya, wai shi adawa yake yi. Wa ya zaɓi surarsa? Suratul Hujurat ta hana mu izgili da jifan juna da munanan laƙabi, mu ne kuma muka fi kowa sanin haka.

Idan suka kuke so, ga aiki nan ku duba. Chrétien ya ƙi tura sojojin Kanada yaƙin Iraƙi a 2003 ba tare da amincewar Majalisar Ɗinkin Duniya ba, duk da matsin Amurka. A zamaninsa kuma aka karkatar da kuɗin gwamnati ta hannun kamfanonin talla a Kebek, badaƙalar da ta kai ga kafa kwamitin bincike a 2004, ta kuma taimaka wajen kayar da jam'iyyarsa a zaɓen 2006.