Renfield ya roƙe su da hawaye, ba su saurare shi ba

Duk wanda ya karanta littafin Dracula na Bram Stoker da ya fito a 1897, in ka tambaye shi Renfield, ƙudaje zai fara tuna maka. Dattijo ne ɗan shekara 59 a kulle a asibitin masu taɓin hankali na Dakta Seward a Purfleet, kusa da Landan, yana barbaɗa suga a bakin taga ya kama ƙuda, ya ciyar da gizo-gizo, gizo-gizon ya ba tsuntsaye, ƙarshe ya haɗiye tsuntsayen ɗanyu har da gashinsu, kullum yana ta lissafi a ɗan littafinsa wai yana tara rai a kan rai. Ni dai wallahi ba wannan ne ya tsaya min a zuciya ba.

Daren nan ne da ya durƙusa gaban Seward da tsohon malaminsa Farfesa Van Helsing yana kuka yana roƙo a fitar da shi daga gidan, ya ce ko da mari a ƙafa ne, ko kurkuku ne a kai shi, shi dai kar ya ƙara kwana a nan. Kuma fa maganarsa tsaf cikin hankali ya yi ta, har su kansu sai da suka yi mamaki. Ya san ta wajensa ne ubangidansa Dracula, mai shan jinin mutane, zai samu ƙofar shiga, ya san Mina Harker, wata matar aure da ke kwana a gidan, ce ke cikin haɗari, bakinsa ne kawai a ɗaure. Likitoci biyu masu ilimi suka tsaya a kansa suka ƙi, Seward ya ɗauka wani sabon salon ciwon ne.

Fina-finai kuma sun ƙara cutar sa, tun na 1931 da ɗan wasa Dwight Frye ya fito a matsayinsa da wannan dariyar tasa, har na 2023 da aka mai da shi abin barkwanci, kowa bawa mai washe baki yake gani. Alhali a littafin shi ne ya rungumi Dracula lokacin da ya shigo a siffar hazo, shi kaɗai, don kar ya kai ga Mina, Dracula ya buga shi da ƙasa ya fasa masa fuska ya karya masa baya. Yana kwance cikin jini ne ma ya tona musu komai.

Da ya mutu, shawarar da Seward ya yanke ita ce a rubuta a takardar mutuwa cewa faɗowa ya yi daga kan gado.