Shekarar haihuwa ake dubawa, ba ranar haihuwa ba

Marubucin wani labari da na karanta ya ce rarraba masu gasar rawar turawa ta mace da namiji gwargwadon shekaru ya kawar da rashin adalci. Ni dai ban gamsu ba.

A dokar hukumar gasar rawa ta duniya, wato WDSF, mai hedikwata a Lozan ta Suwizalan, shekarar da aka haifi mutum ake kallo. Yaron da aka haifa a Janairu da wanda aka haifa a Disamba cikin shekara guda rukuni ɗaya suke. Ga ɗan shekara 12, tazarar wata goma sha ɗaya ba wasa ba ce wallahi: wannan ya fara zama saurayi, kafaɗa ta buɗe, wancan ko muryarsa ba ta fashe ba. Kuma a rukunin yara, shekarun babban cikin abokan rawar biyu ne ke tantance rukuninsu. Yarinya ƙarama sai ta tsinci kanta cikin manya saboda abokin rawarta ya girme ta, tana ta ɗaga kai.

Wajen manya kam sun kyauta. A rukunin dattawa na farko, in ɗaya ya kai shekara 35, ɗayan 30 ya isa. Irin wannan sassauci nake so a yi wa yaran.