DAG ba ta binne blockchain ba, a daina ruɗa yara

Wani mutum da ya yi live jiya yana cewa wai DAG ta binne blockchain, kowa ya sayar da abin hannunsa ya sayi coin ɗinsa, wallahi ya ɓata min rai, kuma abin da ya fi ci min tuwo a ƙwarya shi ne yadda yara ke ta masa "Allah ya ƙara basira Oga".

DAG fa tsarin jera bayanai ne kawai. A Bitcoin block ɗaya ke bin ɗaya duk kusan minti 10, kamar layin gidan mai, wannan shi ne blockchain. A Tangle kuwa, wato DAG ɗin da coin ɗin IOTA ya fara da shi, a da kowace sabuwar transaction sai ta tabbatar da biyu da suka riga ta, sai abin ya yi rassa. Akwai sauri, ban musa ba. To amma in mutum ya kashe kuɗi ɗaya sau biyu, ɗaya a wannan reshen ɗaya a wancan, wa zai yanke hukuncin wanda ya riga? Wannan ce tambayar, kuma DAG ita kaɗai ba ta amsa ta.

Shi ya sa IOTA ta yi shekaru da Coordinator, na'ura ɗaya a hannun gidauniyarsu mai yanke wannan hukuncin. Da aka yi wa wallet ɗinsu mai suna Trinity kutse a Fabrairun 2020 kashe Coordinator ɗin suka yi, komai ya tsaya cak kusan wata guda, mai kuɗi na kallon kuɗinsa ba halin turawa. Nano, wata coin ɗin DAG da ba a biyan fee, a 2021 aka cika ta da transactions na banza har ta shaƙe. Hedera kuma, ita ma mai DAG, majalisar manyan kamfanoni ke riƙe da ita, su Google da IBM. Kullum dai ana komawa kan wa zai yanke hukunci.

Kar wani ya ce min "ai Kaspa fa". Kaspa, duk da ita ma DAG ce, blocks take yi, ana mining ɗinta ana ƙona wuta, asalin tsarin Bitcoin ne aka faɗaɗa.

Ni ina son fasahar nan har raina, shi ya sa nake jin ciwon a mayar da ita tallar coin. Kuma ku masu koyon coding, Git ɗin da kuke tura aiki da shi kullum DAG ne tun 2005, ku buɗe tarihin commits ɗinku ku kalli yadda branch ke rabuwa ya sake haɗewa, don Allah ku fara daga nan kafin ku taɓa kuɗin makarantarku.