Sassabin zamani ya zaga duniya, an bar dokarsa a gida

Wanda ya ratsa karkarar Maraɗi ko Damagaram da damina zai ga gawo tsaye a tsakiyar gona, ya kakkaɓe ganyensa, geron da ke gindinsa ya ɗara na gefe tsawo. A 1983 Tony Rinaudo, ɗan Ostareliya mai aiki a Maraɗi, ya lura cewa tohon da manoma ke sarewa lokacin sharar gona daga kututture mai rai yake fitowa, saiwarsa na nan a ƙasa. A zaɓi rassa biyu ko uku masu ƙarfi na kalgo ko sabara, a datse sauran, shi ke nan. Aka sa wa wannan dabara suna sassabin zamani. Yau ana ƙiyasta ya farfaɗo da hekta miliyan 5 a Nijar, itatuwa wajen miliyan 200.

Dabarar ta kai har Humbo ta Habasha, kuma a 2018 Rinaudo ya samu lambar yabo ta duniya ta Right Livelihood, shi da Yacouba Sawadogo na Burkina Faso. Madalla.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, a tarukan ƙasa da ƙasa ana koyar da riƙon adda, ba a faɗin abin da ya sa manomi ya yarda ya bar itace. A Nijar, dokar da aka gada daga Faransa ta mai da itace dukiyar gwamnati. A wancan lokaci ma'aikacin gandun daji na iya cin ka tara kan reshen gawon da ke cikin gonar ubanka. Wa zai reni abin da zai ja masa tara? Sai da hukuma ta sassauta hannu, dokar karkara ta 1993 da ta daji ta 2004 suka biyo baya, sannan manomi ya sakankance.

Haka ma Nepal. Dokar 1993 ta miƙa dazuzzuka ga ƙungiyoyin ƙauyuka, waɗanda suka haura 22,000, kuma a 1995 suka kafa tarayyarsu don kada a ƙwace abin da aka ba su.

Mu a Najeriya dokar 1978 ta damƙa ƙasa a hannun gwamna. Kowace damina a yi bikin dashe, kafin bazara awaki sun cinye. Mai son kawo sassabin zamani Daura ko Maigatari, ya fara da majalisar dokokin jiha, a rubuta ƙarara cewa itacen da manomi ya rena nasa ne, ya sassabe, ya sayar, ba mai tare shi a hanyar kasuwa.