Zakka haƙƙin talaka ce, bai kamata ya bi layi kafin ya karɓa ba

A watan Maris na 2024, cikin azumi, mutane sun rasa rayukansu a garin Bauchi sakamakon turmutsitsi wajen rabon kuɗin zakka, kuma akasarin waɗanda suka mutu mata ne. An yi jimami na 'yan kwanaki, sannan kowa ya kama gabansa, ba tare da mun tsaya mun tambayi kanmu yadda aka yi rukuni na uku na Musulunci ya koma abin da ake tattaka juna a kansa a ƙofar gidan mai kuɗi ba. A ganina masu bayarwa ba su rasa kyakkyawar niyya ba, abin da ya lalace shi ne tsarin bayarwar.

Zakka ibada ce mai lissafi. Wanda ya mallaki nisabi, wato kimar giram 85 na zinariya ko giram 595 na azurfa, kuma dukiyar ta shekara a hannunsa, zai fitar da kashi ɗaya cikin arba'in. Ɗan kasuwar da ke juya kaya a Kantin Kwari ko Dawanau zai ƙiyasta hajarsa da farashin ranar, ya haɗa da tsabar kuɗin da ke hannunsa, sannan ya fitar. Manomi ya fi kowa sanin wannan, domin tun kaka da kakanni ana ware dami ɗaya cikin goma na gero ko dawa tun kafin a kai rumbu, kuma maƙwabta suna gani. Aya ta 60 ta Suratut Tauba ta lissafa mutane iri takwas da za a ba wa, ba ta bar zaɓi ga son ran mai dukiya ba. Abin da aka fitar kuwa ba nasa ba ne tun asali, shi ya sa Annabi (SAW) ya gaya wa Mu'azu ɗan Jabal, lokacin da ya aike shi Yaman, cewa ana karɓa daga mawadatansu a mayar wa matalautansu.

Abin da ya zama ruwan dare a biranenmu shi ne a jira azumi, a tara jama'a a rana, a riƙa miƙa wa kowa dubu ɗaya ko biyu cikin ambulan. Mu ɗauki wanda ke da Naira miliyan 100: zakkarsa miliyan biyu da rabi ce. Idan ya raba ta dubu bibbiyu, mutum 1,250 za su samu, kuma kafin sallar isha'i kuɗin sun ƙare a cefane, wata ma kuɗin motar da ta kawo ta sun cinye rabin abin da ta karɓa. Idan kuwa ya zaɓi mutum goma ya ba kowa dubu 250, bazawarar da ke riƙe da marayu za ta iya sayen keken ɗinki ko injin markaɗe, magidancin da bashi ya hana shi fita kasuwa zai iya biya ya koma sana'arsa. Malaman Malikiyya, waɗanda fiƙihunsu muke karantawa a zaurukanmu, sun halatta a ba matalauci abin da zai ishe shi shekara guda, an kuma ruwaito daga Sayyidina Umar cewa idan kun bayar to ku wadatar.

Akwai masu cewa a wannan zamani na tsadar rayuwa gara kowa ya ɗanɗana a kan mutum goma su ƙoshi. Hujjar tana da nauyi, domin yunwa ba ta jiran a tara jari. Sai dai ƙofar sadaka a buɗe take ba dare ba rana, ga zakkar fidda kai da aka shar'anta don kada wani ya wayi garin salla babu abinci, ga ciyarwar azumi. Cusa duk waɗannan buƙatu cikin zakkar dukiya shi ne ke sa mutum ɗaya ya shekara ashirin yana dawowa layi ɗaya.

Haka nan biyan haraji ba ya sauke zakka, ko da sababbin dokokin harajin da aka sanya wa hannu a 2025 sun sa maganar ta sake tasowa a kasuwanni. Haraji na hanya ne da asibiti da albashi, zakka kuwa Allah da kansa ya ambaci masu ita.

Jihohi irin su Zamfara da Kano da Sakkwato suna da hukumomin zakka da waƙafi, kuma shari'a ta san da ma'aikatan zakka har ta ba su kaso. Amma al'ummar da ta sha wuyar haraji da jangali, har sai da gwamnatocin Abubakar Rimi da Balarabe Musa suka soke su a Kano da Kaduna bayan hawansu mulki a 1979, ba za ta miƙa dukiyarta ga hukuma don an kafa doka kawai ba. Dole hukumomin su riƙa wallafa abin da suka tara da unguwannin da aka raba shi, a bar masu binciken kuɗi masu zaman kansu su duba littattafansu. Tantance mabuƙata kuma a bar shi hannun limami da mai unguwa da dattawan mata, waɗanda suka san gidan da aka kwana ba a ɗora tukunya ba amma kunya ta hana mai gidan fitowa, a kai masa haƙƙinsa har gida.