Yawan fiɗa daban, iya ta daban

Jama'a, duk wanda ya san sashen haɗari na Asibitin Komfo Anokye, wanda mu 'yan Kumasi ke kira Gee, ya san abin da hanyar Accra da babura da pragya, wato keke mai ƙafa uku, ke kawowa kowane dare. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, da me ake auna hannun likitan da zai karɓi waɗannan bayin Allah?

Galibi littafin ƙirga ake dubawa, inda mai neman ƙwarewa ke rubuta yawan fiɗar da ya yi, sai makin halartar tarukan ƙara ilimi don sabunta lasisi. Littafin zai ce ya yi sau 10, amma ba zai ce ya yi daidai ba.

A ɗauki ƙafar da ta kumbura bayan karaya har jini ya kasa wucewa. Ɗakunan tsoka 4 ne a ƙwauri, dole a buɗe su duka ta doguwar tsaga 2, ɗaya ta waje, ɗaya ta ciki. Wanda ya daɗe bai yi ba yakan gajarta tsagar, ko ya tsallake ɗakin gaba, ko na baya mai zurfi da ke maƙale a bayan ƙashi. A ido aiki ya yi, alhali tsoka na mutuwa a ciki. Bayan kamar awa 6 ba ta dawowa, dattinta ya toshe ƙoda, ƙarshenta a yanke ƙafar. Haka bututun ƙirji, wanda ake sawa don fitar da jini ko iskar da ta taru a ciki: ta saman haƙarƙari ake bi, don jijiyoyin jini a ƙasansa suke, in kuma aka sauka ƙasa da yawa sai a huda hanta ko saifa.

Ido ne kawai ke kama irin wannan. Sai babban likita ya tsaya da takardar matakai, yana ba da maki kan riƙon kayan aiki, tausaya wa nama da saurin yanke shawara, kamar tsarin auna gwanintar fiɗa na OSATS da aka fito da shi a Toronto. Shaidar ATLS, wato horon kula da mai mummunan rauni, shekara 4 take yi, kuma a ganina ya yi nisa ga aikin da ba kullum ake yi ba. Ya kamata Kwalejin Likitocin Ghana ta riƙa yin gwajin hannu duk shekara, ta fara da likitocin asibitocin gunduma, don su ne mai rauni ke fara isa gare su. Kuɗi ma ba hujja ba ne, haƙarƙarin rago daga mayanka ya isa a koyi sa bututu.