Ku daina cewa ƙwaya ce ta yi Syd Barrett

Wallahi tun daren jiya raina yake a ɓace. Duk kun ga hoton nan da ake ta yawo da shi, wanda wani yaro mai son zama mawaƙi ya ɗora, hoton Syd Barrett, wani mawaƙin Ingila, na 1975, kai a aske tas, ba gira, jiki ya kumbura, sannan ya rubuta a ƙasa wai ga wanda ya sha ya hango abin da sauran mutane ba su gani ba, wai sai ka hau sama kake sakkowa da waƙa ta gaske. Abin da ya fi ƙona min rai shi ne yadda 'yan uwansa suka taru a ƙasa suna ta "haka ne oga", "ai basira sai da caji". Ƙanena, wannan hoton da ka ɗora hoton mara lafiya ne. Mutum ne da abokansa na ƙuruciya suka kasa gane shi a ranar, kai kuma ka mayar da shi tallan ƙwaya.

Ƙwaya ba ta ba Syd Barrett komai ba. Karɓa ta yi. Ku bi shekarun ku gani da idonku. An haife shi a Cambridge ta Ingila ranar 6 ga Janairu 1946, sunansa na yanka Roger, Syd laƙabi ne. Ɗan likita ne, gidansu gidan karatu da kiɗa, tun yana yaro yake zane yake buga jita, zanen ne ma ya kai shi Landan, makarantar zane ta Camberwell, a 1964. Babansa ya rasu a Disamba 1961 saura wata ɗaya yaron ya cika 16, kuma duk wanda ya rasa uba a wannan shekarun ya san irin ramin da abin yake barin mutum da shi. To basirar nan tana jikinsa tun kafin ya san ƙwayar nan mai juya hankali wai ita LSD. Shi ya raɗa wa ƙungiyarsu ta mawaƙa, Pink Floyd, suna, shi ne mai waƙa, shi ne mai jita, shi ya rubuta waƙoƙi biyun farko da suka fito da su a 1967, kuma kusan duk waƙoƙin kundinsu na farko da ya fita a Agustan shekarar nasa ne. Yana da shekara 21 fa.

To sai me ya biyo baya? Kundi na biyu ya fito a 1968, waƙarsa ɗaya tal a ciki. Daga kusan duka zuwa ɗaya, cikin shekara guda. In da ƙwaya ce ke kawo waƙa ai da lokacin da shan ya yi yawa ne waƙoƙin za su yi ta zuba kamar ruwan Agusta. Ku amsa min wannan kafin ku sake cewa caji.

Kuma ku ji yadda shekarar ta kasance. Mutum ya hau dandamali, jama'a sun cika, ya tsaya da jita a rataye yana kaɗa abu ɗaya daga farko har ƙarshe, wani lokacin ma bai taɓa ta ba, wani lokacin ya kama sassauta tsirkiyoyin ana tsakiyar wasa. Da suka je Amurka ƙarshen 1967 aka sa shi a talabijin, ana masa tambaya ya zuba ido kawai kamar ba da shi ake ba. Suka ɗauko David Gilmour, abokinsa tun Cambridge, don ya riƙa rufa masa asiri a dandamali. Sai wata rana a Janairu 1968 suna mota za su wasa a Southampton, wani ya ce a biya a ɗauki Syd, wani ya ce a ƙyale shi kawai. Shi ke nan. Ba su biya ba, ba su kuma sake biyawa ba. A watan Afrilu aka sanar ya bar ƙungiyar da aka kafa tare da shi. Ni duk lokacin da na tuna motar nan da ta wuce ba ta tsaya ba sai na ji wani abu ya tokare min a wuya, don na san mutane irin haka, na san wani a layinmu da abokansa suka daina ƙwanƙwasa masa ƙofa da kaɗan-kaɗan har aka manta yana ciki.

Na san abin da za ku ce. Wai ai mawaƙan ƙungiyar Beatles ma sun sha kuma ba abin da ya same su, a gini ɗaya ma suke ɗaukar waƙa da su Syd a sutudiyon Abbey Road na Landan a 1967. To sai me? Don wani ya tsallake rijiya sai ka tura ɗan uwanka ya gwada? Wasu kuma za su ce ai ba a taɓa tabbatar da cutar da ke damunsa ba, ƙanwarsa Rosemary ma da ta kula da shi shekaru ta ce ita ba ta ɗauke shi mai taɓin hankali ba. Na ji, kuma ina girmama maganarta, ita ta zauna da shi ba ni ba. Gilmour shi ma yana ganin ko ba ƙwaya abin zai iya zuwa, ita dai ta hanzarta shi. Duk na yarda. Amma ku duba da kyau, a cikinsu akwai wanda ya ce ƙwayar ce ta ba shi basira? Babu ko ɗaya. Gardamarsu a kan yawan ɓarnar da ta yi ne. Ku ne kawai da ba ku taɓa ganinsa ba kuka ƙirƙiro mata alheri.

Ya yi ƙoƙari fa, Allah ya sani. A 1970 ya fitar da kundi biyu shi kaɗai, Gilmour na tsaye a kansa a sutudiyo ana harhaɗa abin da aka samu da ƙyar, don ba ya iya maimaita waƙa iri ɗaya sau biyu. Akwai kyau a cikinsu, kyau mai sa hawaye, amma kana ji ka san mutum ne yake zamewa yana neman abin kamawa. A 1972 ya gwada wata ƙaramar ƙungiya a Cambridge, ba ta je ko'ina ba. A 1974 aka sake shigar da shi sutudiyo, ba abin kirki da ya fito. Bai kai 30 ba waƙa ta ƙare masa.

Sai ranar hoton. Yuni 1975, Pink Floyd sun zama manya, kuɗi ya shigo, suna Abbey Road suna aiki a kan wata doguwar waƙa da suka yi a kansa, sai ga wani mutum mai ƙiba ya shigo ya zauna, ba gashi ba gira. An ɗau lokaci ba wanda ya gane shi, wani ma na zaton ma'aikacin wurin ne. Da suka gane Syd ne, Roger Waters, ɗaya daga cikin 'yan ƙungiyar, kuka ya yi. Namiji babba, kuka. Wannan ranar ce yaron nan ya mayar abin alfahari.

Kuma a nan ne abin ya shafe mu, shi ya sa ban yi shiru ba. Mu da muka ga abin da kodin da tiramol suka yi wa samari da 'yan mata, har da matan aure, har sai da gwamnati ta hana maganin tari mai kodin a 2018, mu ne za mu zauna muna tafa wa mai cewa basira sai da caji? Yaro ɗan 17 mai murya mai daɗi yana karanta wannan rubutun, yana ganin manyansa na cewa haka ne, gobe a ɗakin ɗaukar waƙa a miƙa masa kwalba ya karɓa. In ya lalace su waye za su biya su ɗauke shi? Su ɗin nan masu "haka ne oga" su ne za su fara ɗaukarsa a waya suna dariya. Ƙwaya ba ta ba kowa waƙa. Ba ta ba Syd ba, ba za ta ba ka ba.

Abin da ya rage masa kuwa gida ne. A 1982 ya bar Landan ya koma Cambridge a ƙafa, tafiyar kusan mil 50, wajen mahaifiyarsa. Ya ajiye sunan Syd ya koma Roger. Ya riƙa zane, ya riƙa kula da lambu, ya hau kekensa ya je kanti ya dawo, zanen ma in ya gama sau da yawa sai ya lalata shi. Mahaifiyar ta rasu a 1991, ƙanwarsa ta ci gaba da leƙa shi. 'Yan jarida da masu cewa su masoyansa ne ba su bar shi ya huta ba, su laɓe a ƙofar gida su ɗauki hotonsa, mutumin da abin da yake so kawai a ƙyale shi. Gilmour dai ya tsaya kuɗin waƙoƙinsa na isa gare shi, wannan kam ya kyauta. Ciwon suga ya kama shi, sannan cutar daji, ya rasu 7 ga Yuli 2006 yana da shekara 60.

Af, wani ya tambaye ni a inbox ma'anar sunan Pink Floyd, wai ko wata ƙwaya ce mai ruwan hoda. A'a malam. Sunayen mutum biyu ne ya haɗa, Pink Anderson da Floyd Council, baƙaƙen fata masu kiɗan blues daga yankin Carolina a Amurka. Anderson ya rasu a 1974, Council a 1976, dukansu ba su tara abin duniya ba, alhali sunansu na manne a jikin faifai miliyoyi. Ku nemi waƙoƙin Pink Anderson ku saurara, tsoho ne da jitarsa kawai, yadda yake jan murya ni sai ya riƙa tuna min masu gurmi na kasuwar ƙauyenmu.